Wadda aka ci zarafinta a aikin soja ta ƙi zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa: ina mafita?

Babbar Yaya, Birni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin soja daga ciki, da ma'aikatan lafiya, da malamai, a kan wata matsala da ta fi ƙarfin tunanina, kuma ina roƙon a yi mini uzuri domin ba zan ambaci suna ko bariki ko shekara ba.

Ina da ƙanwa wadda ta sa kaki da son ranta, ta yi aiki na wasu shekaru, sannan ta ajiye tun lokacin ritayarta bai yi ba, ta dawo gida Damagaram ba tare da ta ba kowa gamsasshen dalili ba. Sai da aka daɗe sannan ta gaya mini, ni kaɗai, cewa wani na gaba da ita a muƙami ya yi mata fyaɗe a lokacin da aka tura su aiki nesa da gida, kuma bayan haka ta ci gaba da sara masa kowace safiya har ranar da ta bar aikin. Tun da ta dawo ba ta barcin kirki. Kafin ta kwanta sai ta sa sakata, ta jawo turmi ta tokare ƙofa da shi, kuma in baƙi maza suna zaure ba ta fitowa tsakar gida sai sun tafi. Akwai wani turaren maza da in ta ji ƙamshinsa, ko a tsakiyar kasuwar Dole ne, sai jikinta ya ɗauki rawa. Manema aure sun zo ta sallame su. Mahaifiyarmu ta ɗauka iska ce ta taɓa ta a daji, don haka an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, amma abin yana nan.

Da na kawo mata maganar ganin likitan ƙwaƙwalwa, sai ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, ba ta tsince-tsince a bola, ba ta jifan kowa, don haka ba ta ga abin da zai kai ta inda ake kai waɗanda aka ɗaure da mari ba. Ta ce duk abin da aka rubuta a takarda wata rana sai ya isa bariki, daga bariki ya shigo gari, shi ke nan ta zama abin nuni da baki a gidan biki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce ita da aka koya wa harbi da kokawa, a daren nan ko ihu ba ta yi ba, jikinta ya mutu mata, to wa zai yarda cewa ba da son ranta aka yi ba, alhali ita kanta ba ta daina tuhumar kanta ba? Ta ƙara da cewa akwai abokan aikinta da suka bar ƙafa ko ido a yankin Diffa, suna zaune ba su ce uffan ba, abin kunya ne a ce ita da ta dawo da gaɓoɓinta cif ita ce za ta je tana kuka a gaban likita.

Wannan tunani nata ne ita kaɗai, ko haka tsoffin sojoji suke kallon al'amarin? A cikin abubuwan da take tsoro, wanne ne gaskiya, wanne ne zato? Kuma akwai abin da likita zai iya yi wa ciwon da ya kwana biyu, ko mu bar ta da addu'a kawai?

Tsohon Ajidan, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Ɗiyata, Allah ya saka miki da alheri da kika riƙe amanar ƙanwarki. Na yi aikin ɗamara har na tsufa a cikinsa, kuma ina tabbatar miki abin da ta gaya miki ba nata ba ne ita kaɗai. Harshen bariki take yi miki, ku farar hula ne ba ku saba jinsa ba.

Tun ranar farko ta horo, abin da ake cusa wa sabon soja shi ne ciwo ba dalilin tsayawa ba ne. Wanda ya cika zuwa ɗakin magani na bariki ana yi masa kallon mai gudun aiki, a laƙaba masa suna, sunan kuma ya bi shi duk inda aka kai shi. Wannan tarbiyya tana da amfaninta, domin da ita ake tsayawa a bakin daga, kuma ba zan kushe ta ba. Sai dai ba ta san bambanci tsakanin targaɗe da abin da ya sami ƙanwarki ba, kuma mutum ba ya tuɓe ta ranar da ya tuɓe kaki. An saba gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mu kuma muka riƙe maganar fiye da yadda ya kamata.

Sannan ki dubi wanda ya yi mata abin. Farar hula in wani ya zalunce shi yana iya sauya hanya, ya daina bi ta unguwarsu, amma soja ba shi da wannan dama. Wanda ya cuce ta shi ne mai sa hannu a takardar hutunta, shi ne mai rubuta ko ta cancanci ƙarin girma, shi ne mai cewa wa zai yi gadin dare wa kuma za a tura gaba, kuma in ta ce za ta kai kuka, kukan ta ofishinsa ko ta ofishin abokinsa zai bi. Likitan bariki shi ma hafsa ne mai galo a kafaɗa, watakila tare suke cin abinci da wanda ake ƙara. Ba ina cewa likitocin soja ba su da amana ba ne, na san masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Ina gaya miki yadda ƙaramin soja yake hango abin daga ƙasa. Wanda ya yi rayuwa a haka, ko bayan ya koma farar hula, in ya ga farar riga da biro da takarda, abin da ke faɗo masa a rai shi ne rahoto za a rubuta a kansa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato ba mata kaɗai abin yake samu ba. Akwai yara maza da aka wulaƙanta ta wannan hanya, wani lokaci da sunan wasan da tsofaffi ke yi wa sababbin shiga, wani lokaci kuma mugunta ce tsagwaronta. Namiji ya gwammace a ce ya haukace da a ji wannan, domin ya san in maganar ta fita ba za a ce an zalunce shi ba, sunan ɗan luwaɗi za a manna masa, ya rasa iyalinsa da mutuncinsa a lokaci ɗaya. Irin waɗannan za ki same su a fada suna shan shayi, ana labarin Bosso da tsibiran tafkin Cadi su ma suna sa baki, domin labarin yaƙi yana da daraja, ana sauraronsa da girmamawa, ɗaya labarin kuwa babu majalisar da za ta ɗauke shi. Sai dai a ga mutum ya kama tramol, ko ya zama mai dukan iyali, ko kullum yana hanyar asibiti da ciwon kai da ciwon ciki da ba a gano musabbabinsu ba.

Ni dai ban cika yarda da maganin da baki kawai ake yi da shi ba, musamman in mai yin maganar bai taɓa kwana a rami da bindiga ba. Shawarata ita ce a nemo mata wata tsohuwar soja mai hankali da riƙon asiri, su riƙa zama tare, domin soja ya fi buɗe cikinsa ga wanda ya san yadda umarni yake.

Ma'aikaciyar jinya, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa

Yaya, sannu da ƙoƙari. Zan fara da maganar da kika ce ta fi tsaya miki a rai, domin muddin tana tuhumar kanta a kan rashin yin ihu, ba za ta ga ta cancanci magani ba. Mutuwar jiki da ta bayyana miki abu ne sananne a likitance. Idan tsoro ya kai matuƙa, ƙwaƙwalwa kuma ta ga babu hanyar gudu ko faɗa, takan daskarar da jiki, murya ta ɗauke, hannu da ƙafa su ƙi motsi, kuma wannan yana faruwa ne tun kafin tunani ya yanke shawarar komai, don haka ba zaɓi ba ne, balle a kira shi yarda. A wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda aka yi a wani asibitin babban birnin ƙasar Suwidin a kan mata kusan 300 da aka yi wa fyaɗe, 7 cikin 10 sun ce jikinsu ya daskare haka a lokacin, kuma an ga waɗanda abin ya sama sun fi kamuwa da ciwon firgita da matsanancin baƙin ciki daga baya. Horon soja ba ya hana wannan. An horar da ita ta yaƙi abokin gaba, an kuma horar da ita ta bi na gaba da ita ba tare da musu ba, sai ga shi a dare ɗaya mutum ɗaya ya zama duka biyun.

Abubuwan da kika lissafa, wato rashin barci, da tokare ƙofa, da gudun maza, da rawar jiki in ta ji wani ƙamshi, alamu ne na ciwon firgita da ke biyo bayan mummunan abin da ya sami mutum, ko da yake ba a tabbatar da ciwo daga nesa sai an zauna da mai shi. Ba hauka ba ne. Mai shi ya san kansa, ya san mutane, lissafinsa daidai yake, abin da ya faru kawai shi ne jikinsa ya ƙi yarda cewa hatsarin ya wuce. Likitocin Amurka sun sa wannan ciwo a kundin cututtukansu a 1980, bayan abin da aka gani a tare da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, kuma tun daga lokacin bincike ya nuna cewa fyaɗe yana sahun gaba a cikin abubuwan da ke haddasa shi, har yakan zarce filin daga. Saboda haka ba ta da dalilin raina ciwonta don wani ya rasa ƙafa. Mafi yawan waɗanda muke gani kuwa da ƙafarsu suke zuwa, su karɓi shawara ko magani su koma kasuwarsu ko ofishinsu.

Baba Ajidan, da girmamawa, maganar da ake yi a ɗakin likita ba hirar fada ba ce. Akwai wata hanya da wata masaniyar halayyar ɗan Adam Ba'amurkiya, Patricia Resick, ta tsara tun a ƙarshen shekarun 1980 musamman domin matan da aka yi wa fyaɗe, daga baya aka ga tana yi wa sojojin yaƙi ma aiki. Zama ne kamar 12, galibi sau ɗaya a mako, inda ake ɗaukar maganganun da mutum ya maƙale a kansu, irin su "da na yi ihu da abin bai faru ba" ko "babu namijin da za a amince wa", a bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya har mai su ya ga da kansa inda suka yi daidai da inda suka wuce gona da iri. Akwai wata kuma, ta Edna Foa, inda ake taimaka wa mutum ya tunkari abin da yake gudu kaɗan-kaɗan, a wuri mai aminci, har jiki ya daina zabura. Dukansu suna aiki ko da abin ya shekara goma ko ashirin. Gaskiya ne waɗanda suka ƙware a waɗannan hanyoyi ba su da yawa a Nijar, likitocin ƙwaƙwalwa kansu ƴan ƙalilan ne kuma akasarinsu suna Yamai, shi ya sa nauyin ya fi faɗawa a kan ma'aikatan jinya da aka horar. Duk da haka Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ko bayanin ciwon kaɗai, da gyaran barci, da magani irin su sertraline ko fluoxetine in an ga buƙata, suna rage nauyi sosai. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba sa bugarwa. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne diyazefam da tramol na masu talla a tasha, domin suna kawo barcin dare ɗaya su bar mutum da jarabar da ta ƙara wa ciwon farko wuyar magani.

Tsoronta na tonon asiri kuwa, rabinsa gaskiya ne. Doka ta wajabta mana riƙe sirrin majiyyaci, akwai hukunci a kan wanda ya tona, kuma asibitin farar hula ba ya aika wa bariki rahoton wanda ya bar aiki. Inda asiri ya fi fita shi ne a kan bencin jira, domin Damagaram gari ne da kowa ya san kowa, tana zaune tana jiran layi sai ga matar maƙwabci ta zo dubiya. Wannan ana iya yi masa dabara. Tana iya zuwa da ƙorafin rashin barci kawai, wanda ba ƙarya ba ne, ta ga yadda ma'aikacin yake, ta tambaye shi abin da zai rubuta a karne, wato littafin majiyyaci, tun kafin ya rubuta, ta kuma nemi mace in ta fi sakewa da mace. Ba dole ba ne ta ba da labarin daren a zaman farko ko na biyu, kuma ana iya yi mata magani daga farko har ƙarshe ba tare da ta faɗi sunan kowa ba.

Ɗan Damagaram mazaunin Amurka

Ina gaida Baba Ajidan da Malama ma'aikaciyar jinya. Abin da zan ƙara shi ne yadda lamarin yake a nan Amurka, domin a ga cewa ko inda aka zuba kuɗi a kan wannan matsala, irin tunanin da ƙanwar Yaya take yi bai gushe ba.

Su ma sun daɗe suna rufe maganar. Abin da ya fasa ƙwan shi ne wani taron matuƙan jiragen sojan ruwa da aka yi a wani otal na Las Begas a 1991, wanda ake kira Tailhook, inda binciken ma'aikatar tsaro ya gano an ci zarafin mata 83 da maza 7. A 1992 majalisa ta yi dokar da ta ba ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ikon kula da matan da irin wannan ya sama, a 1994 aka haɗa da maza. A yau duk tsohon sojan da ya shiga asibitocin ma'aikatar ana tambayarsa ko an taɓa cin zarafinsa ta hanyar lalata a lokacin aiki, mace ce ko namiji, tsoho ne ko yaro, domin kada wani ya ga kamar shi aka ware. Alƙaluman ma'aikatar sun nuna kusan mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 50 suna amsawa da e, kuma da yake maza sun fi yawa a aikin nesa ba kusa ba, adadinsu a cikin masu amsawar ba kaɗan ba ne. Maganin kyauta ne, ba a neman shaida, kuma ba sharaɗi ba ne a ce mutum ya kai ƙara a lokacin da abin ya faru.

Duk da haka mutane da yawa sukan yi shekaru, wasu har su yi furfura, kafin su buɗe baki. Da masu bincike suka zauna da su, dalilan da suka bayar kamar daga bakin ƙanwar Yaya aka kwafo su: kunya, da ɗora wa kai laifi, da tsoron ba za a gaskata su ba, da ganin cewa soja shi ke ɗaukar kayansa da kansa. Maza sun ƙara da cewa sun ɗauka wannan kulawa ta mata ce, ko kuma cikakken namiji ba a yi masa haka, wasu kuwa ba su ma san akwai maganin kyauta ba. Akwai matan da suka ce asibitin tsoffin sojojin kansa yana tayar musu da hankali, domin ɗakin jira cike yake da maza masu hulunan rundunoni da irin maganar bariki. Wata masaniya, Jennifer Freyd, ta yi bayanin cewa idan hukumar da mutum ya dogara da ita ta kau da kai, ko ta juya ta hukunta mai kuka, wannan cin amana rauni ne na biyu a kan na farko. A ganina shi ne yake sa mutum ya guji duk wata ƙofa mai tambarin hukuma, ko da ƙofar asibiti ce.

Abin da suka yi wanda na ga ya fi ma'ana shi ne na 2005, lokacin da aka buɗe wa soja hanyar sanar da jami'in da aka keɓe ko ma'aikacin lafiya a asirce, ya sami magani ba tare da an gaya wa kwamandansa sunansa ko an buɗe bincike ba, in ya ga dama daga baya ya mayar da maganar ƙara a fili. Wato sun raba neman magani da kai ƙara. Raba hukunci da kwamanda kuwa sai da aka yi asarar rai. Vanessa Guillén, ƴar shekara 20 da aka kashe a barikin Fort Hood na jihar Teksas a 2020, ta gaya wa danginta ana matsa mata da neman lalata amma tana tsoron kai ƙara, kuma bayan hayaniyar da ta biyo baya ne aka yi dokar da ta karɓe ikon gurfanarwa a irin waɗannan laifuka daga hannun kwamandoji, ta miƙa shi ga lauyoyin soja da ba sa ƙarƙashinsu, aka fara aiki da ita a watan Disamba na 2023.

Malami, Garin Malam

Zan taɓa ɓangaren addini kawai, domin na lura sau da yawa abin da ke hana irin wannan baiwar Allah neman magani shi ne tana ganin kanta mai zunubi, tana ɗaukar wahalar da take sha a matsayin kaffara. Wannan kuskure ne. Malamai sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta babu haddi a kanta kuma babu zunubi. Hadisi ya zo cewa an ɗauke wa wannan al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta ta a kai, kuma a mazhabarmu Imamu Malik ya tafi a kan cewa wanda ya yi fyaɗe, ban da hukuncin da ke kansa, sai ya biya matar sadakin irinta. Wadda shari'a ta ce a biya ta haƙƙi ba ita ce mai laifi ba. Tilas kuma ba sai da wuƙa a wuya ba, tsoron mai iko a kanka yana cikinsa.

Sai maganar sutura. Mutanenmu sukan ce abin da Allah ya rufe kada a tona, kuma haka ne, amma wannan a kan mai saɓo ne da aka hana shi tallata zunubinsa. Wanda aka zalunta hukuncinsa daban, domin aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta bayyana cewa Allah ba ya son a fito da mummunar magana sai ga wanda aka zalunta, kuma da malamai suka lissafa wuraren da ambaton wani ba ya zama giba, sun sa kai ƙarar zalunci da neman fatawa da neman taimako wajen kawar da ɓarna. Gaya wa likita a ɗaki rufe bai ma kai nan ba, larurar magani ce, wadda shari'a ta halatta buɗe abin da ake ɓoyewa saboda ita gwargwadon buƙata.

Ruƙiyya ni ma ina yi, ba zan hana ta ba. Amma ba kowace zabura ce aljani ba, kuma ina jin tsoron mai ruƙiyyar da zai sa a danne mace ana yi mata tsawa da sunan fitar da iska, alhali ciwonta daga dannewa ya samo asali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma babu wanda ya ce imaninsa ya ragu. Ta riƙe azkar ɗinta na safe da maraice, ta kuma je asibiti. Abin da zan ja hankali a kai shi ne a guji ambaton sunan mutumin a bainar jama'a ko a Facebook, domin maganar da ba ta bi ta hannun alƙali ba tana iya juyewa ta zama ƙazafi ko ɓata suna a kanta.

Ɗalibin shari'a

Da girmamawa ga iyayena da suka yi magana, ni ina ganin ana ta zagaye-zagaye ne. Kundin hukunta laifuka na Nijar, yadda aka gyara shi a 2003, ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga mai fyaɗe. Mutumin nan mai yiwuwa yana nan da galonsa, kuma akwai wasu ƴan mata a ƙarƙashinsa yanzu haka, don haka shirun da ake yi ba ita kaɗai yake cutarwa ba. Ga shi kuma yawancin laifuka suna da wa'adin da in ya wuce ba a sauraron ƙara a kansu. Yaya, ki kai ta wurin mai gabatar da ƙara, in ta ƙi kuma ki je da kanki.

Ma'aikaciyar jinya, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa

Ƙanena, na fahimci zafin da kake ji, kuma maganar wa'adi da ka kawo tana da muhimmanci, amma jimlarka ta ƙarshe ba zan bari ta wuce ba. Yaya, kada ki je ko'ina da wannan magana ba da izininta ba, ko wurin alƙali, ko wurin mahaifiyarku, ko wurin malami. Abin da aka ƙwace mata a daren nan shi ne ikon cewa e ko a'a a kan jikinta da al'amarinta, kuma ke ce mutum ɗaya da ta zaɓa da kanta ta gaya wa. In kika ɗauki maganar kika kai inda ba ta aike ki ba, ko da niyyar alheri ce, kin tabbatar mata da abin da take tsoro, kuma da wuya ta sake buɗe baki ga kowa. Laifin abin da mutumin zai yi wa wasu yana wuyansa, ba ya wuyanta. Ƙara haƙƙinta ce, kuma sau da yawa sai mutum ya fara samun barci da natsuwa sannan yake iya tsayawa gaban masu tambaya. In tana son sanin matsayinta a doka ba tare da ta ɗaure kanta ba, tana iya neman shawara a asirce wurin lauya ko wurin ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar.

Shawarar Baba Ajidan ta a nemo mata tsohuwar soja tana da kyau in ita ta amince, kuma irin wannan mata ce ta fi dacewa ta raka ta asibiti, sai dai rakiya ce, ba madadin magani ba. Ke kuma abin da ke hannunki yanzu shi ne ki gaya mata a fili cewa kin gaskata ta, ki karanta mata bayanin daskarewar jiki da abin da Malam ya faɗa, ki daina yi mata maganar aure, kuma kada ki ɗauke turmin nan daga bakin ƙofa, ita za ta ɗauke shi in lokaci ya yi.

Ga wanda yake karanta wannan kuma abin bai daɗe da samunsa ba, mace ko namiji, kada a jira: maganin kariya daga ƙwayar cutar sida ana fara shi ne cikin awa 72 kuma ana shan sa kwana 28, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma yana aiki cikin kwana 5, kuma ana ba da su ko mutum bai kai ƙara ba.

Wuri ɗaya ne kawai maganar jiran izini take faɗuwa. In kin ji tana cewa gara ta mutu, ko ta fara rabar da kayanta, ko tana yi muku bankwana, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, domin tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ta ce e, ki kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗakinta, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne.